Lambun Ɓatan Kai

A gangaren Kubanni, bayan Hanwa,
babana Cindo ya dasa lalle sahu-sahu
shekarar da ya ajiye aikin reluwe.
A bayan takardar siminti ya zana hanyoyin.
Ya ce, kowa a garin nan sauri yake, ya san inda za shi,
bari in yi musu wurin da ƙafa za ta rikice.

Aka yi masa dariya a majalisa.
Wa zai biya kuɗi don ya ɓata?
Ashe suna da yawa.
Ɗaliban Samaru kan zo ran Asabar,
masu lissafi da masu zanen gini,
su shiga da fankama, su fito suna zargin juna.
Wata nas daga Shika ta yi awa guda a lungun tsakiya,
ta fito ido jajur, ta ce mini na gode.
Ban tambaye ta komai ba.

Shekara ashirin da uku almakashin yana hannuna.
Na san kowace kwana kamar yadda harshe ya san haƙori:
hagu, hagu, dama,
in ka ji ƙamshin lemun tsami, ka kusa.

Bana, tun ruwan fari na ga ɗigo-ɗigo
a bayan ganye, kamar kashin ƙuda.
Na ce zai wuce.
Na barbaɗa toka, na fesa ruwan dogon-yaro,
ganyen ya yi ɗorawa, ya murɗe, ya zube.
Dokta Zulai ta cibiyar noma ta zo da safar hannu,
ta tuge guda, ta sansana saiwar,
ta faɗi wani dogon suna da bakina ya ƙi ɗauka.
Na ce, a Hausance fa?
Ta ce, ƙafarsa ce ke ruɓewa, Malam Tanimu,
ruwa ya yi masa yawa.

Kamar rafin na saurarenta.

Daren wata Laraba a Agusta ya hauro.
Bai yanki tikiti ba,
bai bi hagu-hagu-dama ba.
Abin da ya gagari masu digiri
ya ratsa shi sak, kafin a kira assalatu.
Ya bar mana taɓo har gwiwa,
leda a rataye a kowane reshe,
warin silifa, da gawar akuyar wani.

Yanzu shingen ya yi giɓi ko'ina.
Shekaranjiya wani yaro ya shiga, minti biyu ya fito
ya miƙo hannu: Baba, ba ni ɗari biyuna,
ana hango ƙofa daga kowane lungu.
Na ba shi. Gaskiyarsa.

Da magariba na shiga ni kaɗai.
Ƙafata ta juya hagu inda ta saba,
babu abin da zan kewaye.
Na tsaya a tsakiyar fili, ina ganin gabas da yamma,
ina ganin fitilun Kwangila,
ban san inda nake ba.
Karo na farko ke nan, Baba,
da lambunka ya ci ni.

Kande ta ce a sayar wa masu bulo.
Dokta ta ce a ƙone masu cutar, a haƙa lambatu, a koma tudu.
Ni dai na bi sahun arewa, inda ruwa bai kwana ba,
na yanko rassa masu sauran rai
na soka a gwangwanayen tumatir a kan katanga.
Arba'in da ɗaya.

Takardar simintin na nan ƙarƙashin katifa,
gara ta ci kusurwar da ƙofar fita take.

Yau da safe na ƙirga.
Tara sun yi toho.
Na sake ƙirgawa, don ban yarda da idona ba.
Tara ɗin ne.